Auren Yayata Yana Jiran Muryar Baffa

Zuwa ga Mai Girma Jagoran Masu Shiga Tsakani a Yaƙin Sudan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da abokan aikinka.

Ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka. Ni ɗalibar sakandare ce a Wurno, jihar Sakkwato, kuma ko a aji ban cika ɗaga hannu ba.

Na farko, godiya. Na ji fassarar jawabinka a rediyon Babanmu, inda ka roƙi ɓangarorin biyu su sassauta, ka nuna cewa bindiga ba za ta raba wannan rigima ba sai an zauna. Ba ka zagi kowa ba, ba ka ɗaga murya ba. Na ji kuma an ce in zama ya watse, kai ne kake sake kiran wani. Baba ba ya yabon masu magana a rediyo, amma ranar ya ajiye buta ya saurare ka har ƙarshe.

Na biyu, dalilina. Ƙanen mahaifina, Baffa Sanusi, yana garin Mai Wurno a can Sudan, inda muke da dangi tun zamanin kakanni. Koyarwa ta kai shi, ya yi aure ya zauna. A gidanmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa. Ɗan'uwansa ne waliyyi. Yayata Asma'u kuwa tun ranar sunanta aka ce ta Baffa ce. Yanzu ga manemi, Malam Bashiru, manomin albasa a Goronyo, kuma suna son juna. An sa rana bayan girbin gero, aka ɗaga. An sa bayan cire albasa, aka sake ɗagawa, domin tun azumin bara layin Baffa ba ya shiga. Limaminmu ya ce ya halatta wani ya tsaya. Baba ya san haka, amma a wurinsa naɗa wani waliyyi daidai yake da shimfiɗa tabarmar makokin ƙanensa. Dangin Malam Bashiru sun yi haƙuri, sai dai sun ce ba za su wuce babbar salla ba. Yaya dai ta daina buɗe akwatin kayan aurenta.

Na uku, ɗan ƙorafina. A jawabinka na ji batun tsagaita wuta da abinci da magani, ban ji batun waya ba. Na san bai kai waɗancan girma ba, kuma wataƙila ka faɗa mai fassara ya tsallake. Amma ba sai Baffa ya zo ba. Ya isa Baba ya ji muryarsa yana cewa ya wakilta wane.

Don haka ina roƙo, in kun sake zama, ka nemi a bar layukan waya su yi aiki, kada a maida su makami. Na tabbata ba mu kaɗai muke jiran kira ba.

Allah ya ƙara maka haƙuri, ya tausasa zukatan waɗanda kake roƙo, ya tsare ka a tafiye-tafiyenka.

Idan ka yarda, ina neman izinin sake rubuto maka bayan babbar salla, in gaya maka ko an ɗaura, da kuma wanda ya ba da ita.

Wassalam, tare da girmamawa.

Hafsatu, ƙanwar Asma'u,
Wurno.