Taken Baba a Bakin 'Yan Kabu-kabu

Filinge, 9 ga Yuli

Zuwa ga matata Balkisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Yamai, ya karatun ungozoma, ya kewar gida? Mu nan lafiya lau. Jiya na je gidanku na gaida Inna, ƙafar ta yi sauƙi. Ruwa ya sauka sau uku, an gama shuka.

Kada ki yi mini dariya don na koma takarda alhali ga waya a aljihu. A waya kina katse ni, ni kuwa labarina dogo ne. Mamman direba zai miƙa miki.

Abdulgafar, abokina na lekol tun muna 'yan makaranta, ya zo hutu daga Faransa, ya bar mini wata na'urar kiɗa in riƙe har baɗi. Santetiza modila suke ce mata. Akwati ne cike da ramuka da maɓallan murɗawa, sai tulin wayoyi ja da kore. Kowane sashe aikinsa ɗaya: wannan ya haifi sauti, wancan ya tace shi, wani ya buɗe masa ƙofa ya rufe, wani kuma ƙirga lokaci kawai ya iya. Sai ka haɗa su da waya kafin ta ce uffan. Ni da nake taƙamar shekara goma sha biyu ina gyaran rediyo a bakin kasuwa, kwana uku ban fitar da ko tari ba. Ran na huɗu ta yi kukan sauro, na ji daɗi kamar an yi mini haihuwa.

Kiɗan da nake koyo sunansa diram-an-bes. Ganga ce mai gudu, bugu ɗari da saba'in da huɗu a minti, ƙarƙashinta wata murya mai kauri wadda ƙirji ke ji kafin kunne, ita ce bes. Bes na same shi, har kwanukanki suna rawa. Gangar ce ta gagare ni. Abdulgafar ya ce in bar kwaikwayon ta Turawa, in nemo ta gida in sa wa na'urar ta yanka ta maimaita. Na kuwa samo wata mai daɗi. Inda na same ta, sai kin zo.

Ki ci abinci sosai, na san halinki in karatu ya yi zafi.

Mijinki mai kewarki,
Mansur

Filinge, 2 ga Agusta

Balkisa,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki da karatu lafiya. Inna lafiyarta ƙalau a jiki. Sauran zancen ki karanta shi a zaune.

Kiɗan nan na gama shi, na tura wa Ibrah mai kiɗan biki don ya yaba mini. Kafin sati ya zagayo yana wayar kowane ɗan kabu-kabu. Har kaina ya fara kumbura.

Ranar kasuwa Inna tana cinikin kuɓewa ta ji shi daga rumfar mai shayi. An ce ajiye kwandon ta yi ta zauna a ƙasa. Duk gudun da na ƙara masa, duk wayoyin da ya ratsa, bugu uku ta ji ta gane taken Baba mahaifinki ne, Allah shi jiƙanshi. Kiɗan da tsoho Na'Allah ya ƙaga masa shi kaɗai, wanda in an buga a gayya yake shiga gaban kowa da hauya. Kin fi ni sanin cewa ranar da aka rufe Baba, Na'Allah ya rantse gaban jama'a cewa an binne taken nan tare da mai shi. Shekara goma sha ɗaya bai saɓa ba.

Yayanki, Yaya Sahabi, ya same ni a shago. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, ko Na'Allah ne ya kaɗa mini. Balkisa, na ɗaga masa kai alamar eh.

Yanzu maganar da ake yi ke nan daga nan har ƙauyuka, cewa tsohon ya tone taken mamaci don samari su yi tsalle. Ya rantse bai yi ba, ba wanda ya yarda, don duk ƙasarmu ta Kurfai an san hannunsa. Yayanki ya aika masa kada ya zo gayyar gonarku ranar Asabar ta sama. Gidaje biyu sun bi sahu. Shekaranjiya ya wuce ta gaban shagona, ya gaishe ni kamar kullum, ni na duƙa ƙarƙashin tebur wai ina neman kusa.

Gaskiyar ita ce, akwatinki na buɗe. Na san inda kike ajiye makulli. Kaset ɗin gayyar Baba da kika ɓoye tun kina budurwa, wanda ko Inna ba ta san da shi ba, wanda ni kaɗai kika nuna wa, shi na ɗauka. Na so in ce miki shirun da na yi don in rufa miki asiri ne. Ƙarya ce. Kunyar a ce suruki ya yi wa matarsa sata ce ta rufe mini baki.

Ba zan iya wanke tsohon nan ba sai na ambaci kaset, kaset kuwa naki ne. Ki faɗa mini abin da zan yi. Abinci ma ba ya shiga.

Mijinki, in har kin yarda in ci gaba da kiran kaina haka,
Mansur

Filinge, 13 ga Agusta

Balkisa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya lafiyarki? Mamman ya kawo saƙonki da baki, cewa mutum bai neman izini kafin ya daina ƙarya, kuma ba ke ce farkon wadda zan roƙa gafara ba. Na ji, kuma daidai ne.

Asabar da hantsi na tafi gonarku. Mutum wajen arba'in suna noma babu ganga, sai ƙarar hauya. Na tsaya bakin kunya na faɗi komai, har da makullin. Yaya Sahabi ya dube ni ya daɗe, sannan ya jingine hauyarsa ya tafi gidan Na'Allah da ƙafarsa. Kafin azahar ganga tana tashi a gonar. Ban tsaya cin fura ba.

Washegari tsohon ya aiko yana son ganin abin da ya saci hannunsa. Na ɗauki akwatin kiɗan da batir da rediyo mai kaset zuwa gidan Inna, a can ya ce a haɗu. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma in kunna. Na kunna, ya ce in rage gudu. Na riƙa murɗa maɓallin a hankali har kiɗan ya dawo tafiyar mai noma. Sai ya ɗaga hannu ya tambaye ni ina amsar take.

Ban gane ba. Ya ce kowane take yana da gurbi. Makaɗi ya kira sau uku, ya ɗage hannunsa, ya bar wa mai taken wuri ya amsa. Nan take na tuna wurin. Lokacin da nake yanka kiɗan na ji gangar tana yin shiru, sai iska da wata hayaniya can nesa. Na ce datti ne, na yanke na zubar, na cike gurbin da bes ɗina da nake alfahari da shi.

Na sa kaset ɗin kansa, na ƙara murya. Ganga ta kira sau uku ta tsaya. Can cikin iska Baba ya amsa, yana kirari yana dariya.

Inna ta sa na mayar sau huɗu. Ba ta yi kuka ba, gefen zanenta kawai take murzawa. Na'Allah ne ya juya mana baya. Kaset yana hannunta yanzu. Ba ta ce komai a kan ɓoyon da kika yi ba, ta dai ce in gaya miki kin kyauta da kika adana.

Da na koma gida na zare wayoyin duka. Na'urar nan ba ta da tuni, in ka zare waya sautin ya tafi ke nan. Wayoyin mutane ne ba su mantuwa. Ina bin 'yan kabu-kabu ɗaya ɗaya ina roƙo su goge, wasu su goge, wasu su yi dariya. Yau ma ɗaya ya wuce da shi, na ji bes ɗina yana ruri daidai wurin da mahaifinki ya kamata ya yi magana.

Na roƙi gafarar na farko, saura ke. Makullinki yana cikin wannan ambulan. Ki riƙe shi a can.

Ina gaishe ki, ina jiran ko da layi ɗaya ne.

Naki,
Mansur