An Riga An Shafa Fatiha

Gyaɗi-Gyaɗi, ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu Isyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kana lafiya, da Inna Uwani da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ka yi dariya, a ce daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni sai da wasiƙa. Saƙon waya dai ba ka buɗewa. Ni kuma da zarar na durƙusa a gabanka, duk abin da na shiryo sai ya gudu, ba abin da ke fita bakina sai "to, Kawu". Tun da ka ɗauko ni bayan rasuwar Babanmu haka nake.

Maganar manhajar waya ce da muka haɗa ni da ɗanka Faruk, shi daga Abuja yana rubuta ta, ni a nan ina bin gidaje. Sunanta Soro. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu alkaki da dambun nama da turaren wuta, suna sa kayansu a ciki. Mai saye ya zaɓa ya biya, ɗan adaidaita sahu ya je ya karɓi kayan a soro, ba ya wuce nan. Ba a ganin fuskar mace ko lambar wayarta ko sunanta na gaskiya, sai sunan kasuwa da ta zaɓar wa kanta. Kowace da na shiga ɗakinta sai da na yi mata wannan alkawarin kafin ta yarda. Shi kansa Faruk bai san sunayensu ba.

Abin ya fara tafiya, amma ya fi ƙarfin aljihunmu, muna neman mai zuba jari. Na ji Alhaji Junaidu, abokinka na makaranta, yana sa hannu a irin wannan harka. Sau biyu ina zuwa ofishinsa a Titin Gidan Zu, mai gadi bai ko bar ni na hau bene ba. Ina roƙo ka yi mini jagora.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka, Fiddausi

*

Tarauni, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Takardarki ta iso ta hannun Malam Ibrahim mai adaidaita.

Na je wurin Alhaji Junaidu da kaina. Tun muna yara muke tare, ban taɓa roƙonsa ko allura ba, wannan ce buƙatata ta farko a wurinsa. Ya ce mu zo ranar Alhamis bayan azahar.

Ga sharuɗɗa. Ki sa mayafi na mutunci, ba irin wanda iska ke ɗauka ba. Ki yi bayanin injinki a taƙaice. Idan an zo maganar manya, ni ne bakinki, kada ki tsoma baki sai an tambaye ki. Mutanen nan tarbiyya suke fara dubawa kafin su duba kaya. Ki kuma taho da samfurin abin da matan naki ke sayarwa, Alhaji mutum ne mai son abin taɓawa.

Innarki tana gaishe ki. Da na karanta mata takardarki ba ta ce komai ba, ita harkar zamani ba ta dame ta ba.

Wassalam.

Kawunki, Isyaku

*

Gyaɗi-Gyaɗi, ranar Juma'a

Faruk,

Salamu alaikum, ɗan Kawu, gwanin kwamfuta wanda bai iya dafa ruwan shayi ba. Yaya Abuja? Na kira ka sau da yawa kana wurin aiki, to karanta, don abin ya cika mini ciki.

Farko komai ya tafi daidai. Alhaji na zaune a tsakiya, gefensa wani mai ba shi shawara, Sulaiman, da wakilin wani kamfanin kai saƙo da suke so mu haɗa gwiwa da shi. Na kunna majigi a tsorace, amma da na fara sai tsoron ya tafi. A gabansu na yi odar alkakin mai Gidan Zuma, wadda ta fi kowa ciniki a manhajar, kafin na gama bayani Malam Ibrahim ya shigo da shi da ɗuminsa. Alhaji ya ci uku. Babanka ya ci ya ce yana kama da na gidansa, sai dai wannan ya fi daɗi. Alhaji ya ce, "Wace ce mai wannan hannun?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a faɗa." Aka yi dariya, sun ɗauka wasa nake.

Sai Sulaiman ya gyara gilashinsa. Ya ce shi ya ga kasuwar duniya, mutane fuska suke saya. A sa hoton kowace mace da sunanta, da lambar waya, da alamar gidanta a taswira, sannan kamfanin kai saƙon ya riƙe lambobin don tallace-tallace. Ya ce in ba haka ba, ba zai ba Alhaji shawarar ya sa ko sisi ba.

Na buɗe baki, Kawu ya dube ni, kallon nan da ka sani. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba wani abu ba ne. Yarinyar nan ni na raine ta, mai jin magana ce. An yarda." Alhaji ya ce alhamdu lillahi, Isyaku yi mana addu'a. Aka ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Faruk, ni ma na shafa. Hannuwana ne suka tashi da kansu. Ina ganin fuskokin matan nan ɗaya bayan ɗaya, amma na kasa ƙaryata Kawu a gaban abokinsa. A hanyar dawowa yana ta murna, har ya tsaya ya saya mini tsire. Ban iya ci ba.

Sun ce mako mai zuwa za a kawo takardun sa hannu. Ina cikin damuwa, ka gaya mini yadda za mu yi.

Fiddausi

*

Abuja, ranar Asabar

Fiddo,

Wa alaikis salam, uwar 'yan tsegumi. Wallahi da na karanta saƙonki sai da na miƙe tsaye a ofis. Mun samu! Kin san matasa nawa ne ke yawo da kwamfuta a jaka suna neman wanda zai saurare su?

Ki kwantar da hankalinki. Sa hoto da lamba aikin yini ɗaya ne a wurina. Ki koma wurin matan ki lallashe su, wadda ta ƙi ta fita, wasu za su shigo. Haka bizines yake. Na gaji da aikin wani, ina so in dawo Kano, kin kuma san kuɗin hayar sabar da ke ɗauke da manhajar a intanet ba zai kai mu ƙarshen shekara ba.

Sannan ki tuna da Baba. An shafa fatiha, magana ta ƙare. Idan kika janye, ba ke za a zaga ba, shi za a ce dattijo ne wanda bai isa da gidansa ba. Ki dai tabbatar mai Gidan Zuma ba ta gudu ba, ita ce tauraruwarmu.

Sai na ji ki.

Faruk

*

Gyaɗi-Gyaɗi, ranar Laraba

Zuwa ga Kawu Isyaku,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ka karanta.

Kawu, ba zan iya sa hannu a takardun nan ba.

Na bi shawarar Faruk, na koma gidajen. A Unguwa Uku wata mai turaren wuta ta ce mijinta ya bar ta ne don ba wanda zai kira ta a waya, ranar da baƙon namiji ya kira, ranar sana'arta za ta mutu. A Unguwar Gano wata bazawara ta ce ba ta so dangin tsohon mijinta su san inda take zaune. Wata kuwa ko maigidanta bai san tana sayar da komai ba, ba don rashin gaskiya ba, sai don kada ya ji kamar ya gaza. Ta riƙe hannuna ta ce, "Fiddausi, ke fa kika rantse mini." Na fito daga gidan ina kuka a titi kamar ƙaramar yarinya.

Na san kai ka ɗauki maganar don ka ga na ci gaba. Laifina ne da na yi shiru, na kuma shafa tare da ku. Amma alkawarin da na yi wa matan nan ya riga wancan, kuma su ba su cikin ɗakin da aka shafa.

Ina roƙon izininka in je wurin Alhaji in ba shi haƙuri, in ce idan zai shigo a kan tsarinmu na farko muna maraba. Ba na son in je ba da saninka ba. Ba abin da nake tsoro a duniya kamar ɓacin ranka.

'Yarka, Fiddausi

*

Tarauni, ranar Alhamis

Fiddausi,

Wa alaikumus salam.

Na karanta. Na yi aikin gwamnati har na yi ritaya ba a taɓa cewa Isyaku ya faɗi magana ya janye ba, sai yau 'yar da na goya za ta jawo mini. Kina zaune aka tambaya, kina zaune aka amsa, kin ɗaga hannu kin shafa. Yanzu kuma kina aiko mini da takarda kamar wata lauya.

Ban ba ki izini ba. Yarinya ba ta zuwa ta warware abin da manya suka ƙulla. Hoto kuma wane irin abu ne? Ba a katin zaɓe ma akwai hoto ba? Matar da ke ɓoye wa mijinta sana'a, ita ce ke da abin dubawa, ba Alhaji ba. Ni a gidana ba za a yi haka ba.

Idan kin ƙi sa hannu, ki sani ba zan ƙara iya zama a sahu ɗaya da Junaidu a masallacin Juma'a ba. Ki yi tunani. Kada ki zo gidan nan sai kin yanke.

Isyaku

*

Gyaɗi-Gyaɗi, ranar Asabar

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na yi tunani, na yi istihara. Ban je wurin Alhaji ba tunda ka hana, amma da aka kawo takardun jiya na mayar da su yadda suka zo. Faruk ya daina ɗaukar wayata. Ka tambaye ni ta bakin Malam Ibrahim sunan matar da ke ɓoye wa mijinta, don ka sa a yi mata faɗa. Ka yafe mini, Kawu, wannan ma ba a faɗa.

Zan jira har ranar da za ka ce in zo.

'Yarka, Fiddausi

*

Tarauni, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Assalamu alaikum.

Shekaranjiya ina faɗa a tsakar gida a kan taurin kanki, Innarki ta shiga madafa ta fito da farantin alkaki ta ajiye a gabana. Ta ce, "Malam, ci ka ji ko ya kai na Gidan Zuma." Na ci. Ta ce duk watannin da fansho ya maƙale, da kuɗin alkakin nan nata ake cefane. Ta ce in har za a sa hoton, sai dai ni in ɗauke ta da hannuna.

Kina da wannan a bakinki, na zage ki, kika yi shiru.

Jiya na je wurin Junaidu. Ni na shafa, ni ya kamata in warware. Na ce masa na yi alkawari da abin da ba nawa ba. Ya ce ba komai, jarin dai ya fasa. Da na tashi tafiya bai rako ni ba, ko bakin ƙofar ofis. Tun muna yara bai taɓa barina in fita ni kaɗai ba.

Faruk ban gaya masa komai ba tukuna, wannan tsakaninsa ne da uwarsa. Ni kaina har yanzu ban iya haɗa ido da ita ba.

Ki zo ranar Juma'a, kada ki aiko takarda. Wannan "a'a" da kika iya rubutawa, ina so in ji ta daga bakinki, ko da a gaban mutane ne. Da kin faɗe ta ranar Alhamis ɗin nan, da yau ina da aboki.

Kawunki, Isyaku