Katunan da Gara Ta Ci

Daren Asabar, Daudawa

Yau Goggo ta gama da ni. Wata guda na yi a jami'a ina huda katuna, don kwamfuta ta jera nauyin audugar manoman garinmu sahu-sahu, ta rubuta shi a fayil. Kowane kati umarni ɗaya ne, hujin da ke jikinsa kuwa shi ne rubutun. Na zo da su gida in sake dubawa, na ajiye a akwati.

Da la'asar na dawo daga Faskari, na tarar da ita tana ta fara'a. Ta ce, "Audu, gara ta shiga takardunka, duk ta huhhuda su. Na hura wutar tuwo da waɗanda suka lalace. Masu lafiyar ga su nan."

Ta miƙo mini sabbin katunan da ban taɓa hudawa ba, har ta barbaɗe su da toka don maganin gara.

Jibi malaminmu zai karɓi aikin. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ta ce, "Ko godiya babu?"

Na yi godiya. Tuwon ma na ci har da ƙari, tunda da karatuna aka dafa shi.