Kamarar da Yaya Ya Canja Min Ta Rufe Bakin Kaka

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don wallahi zuciyata tafasa take, in ban amayar da abin nan a nan ba, zan je in faɗa wa yayana maganar da har in mutu ina da-na-saninta.

Ni mace ce, a Kubwa nake, ina ɗan ɗaukar bidiyon suna da walima da wayata. Kakata ta wajen uwa 'yar Gbagyi ce, tana Ushafa, ginin tukwane take tun kafin a haifi mamanmu. Yanzu hannunta ya fara rawa, ido ma ya yi rauni, da bakinta ta ce min in ta gasa tukwanen bana shi ke nan, ta ajiye. Kuma duk jikokinta babu wanda ya koya, har ni ɗin. Shi ne na ce ko ban iya da hannu ba, zan ajiye a bidiyo, yadda take zagaya tukunya da baya-baya, da waƙoƙin da take yi da yarenta tana murza yumɓu. Na gwada da waya, amma rumfarta duhu gare ta, hoton sai ya fito dishi-dishi, wayar kuma ta ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar waƙa.

Sai na shiga binciken kamara, na ƙarar da data, na dami duk wanda na san yana harkar. Na tsaya a kan irin marar madubin nan da ake ce wa miroles, 'yar ƙarama, ba nauyi, tana bin fuskar mutum da kanta, hoto ba ya girgiza ko a hannu ka riƙe, kuma allonta yana juyawa, sai ka ɗora ta a cinya kana kallon mutum ido da ido. Lens kuma, wato gilashin gaban kamarar, na zaɓi zum mai buɗewa da faɗi, wanda zai ɗauki rumfar gaba ɗaya, in na so in jawo yatsunta, kuma haske ba ya raguwa in an jawo. Har aron irinta na yi wajen wata ƙawata na je da ita. Kaka ko a jikinta, ta ɗauka rediyo ce, ranar har labarin yadda ta fasa tukunyarta ta farko ta ba ni tana dariya.

To ga inda matsalar ta shigo. Yayana shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu, ba zan ci amanar wannan ba. Da ya ji zan saya ya ce zai cika min kuɗin, kuma shi zai karɓo don ya san wani oga mai shago a Wuse. Na tura masa hoton kamarar, na tura na lens ɗin, na maimaita masa har ya ce na ishe shi. Sai ga mutumin nan ya shigo da ƙatuwar jaka yana murmushi kamar ya yi abin kai. Kamarar da ke ciki tsohuwar yayi ce mai madubi, nauyi kamar dutsen guga, da wani lens dogo kamar taɓarya. Wai a Abuja girman kamara ake dubawa kafin a ba ka kujera, wai wa zai ɗauke ni aiki in na fito da abu kamar kwalin sabulu, wai ai amfanin zum jawo nesa kusa, wannan daga Kubwa sai in hango Dutse. Na ce masa Yaya, ba tsuntsu zan ɗauka ba, da lens ɗin nan sai na fasa bango na koma gidan maƙwabta kafin Kaka ta shiga hoto. Ya ce rashin godiya ne da iyayi irin na yaran yanzu. Mama ta ce in yi haƙuri in gwada tukun, kar in kunyata shi.

Na bi maganar Mama, kuma da na sani ban bi ba. Ina fito da abin nan daga jaka Kaka ta saki yumɓun da ke hannunta, ta ja zane ta rufe tukunyar. Kafin in ankara maƙwabta sun fito, samari suna tambayata wa ya turo ni, layin wa za a fara shafa wa fenti, wata mata har ta fara fito da kayan ɗakinta waje. Kaka ta dube ni, ita Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Kai ma sun aiko ka?"

Bari in faɗa muku dalili. Kafin Ushafa a wani ƙauye Kaka da maƙwabtan nan suke, aka yi musu rusau. Waɗanda suka fara zuwa masu manyan kamarori ne masu dogon baki, suka gaishe su cikin mutunci, suka ɗauki gida-gida, bayansu jan fenti ya zo, bayan fenti katafila. Ni ina goye lokacin, ban san komai ba. Amma Yaya yana wurin! Shi da kansa yake ba mu labarin yadda ya dinga fito da tukwanenta a kafaɗa ƙura tana tashi. To don girman Allah ta yaya wanda ya ga wannan da idonsa zai saya min irin kamarar ya ce in kai wa tsohuwar nan? Wannan ne yake ci min rai, ba lens ba.

Na dawo na faɗa masa, sai ya yi dariya, wai tsufa ne da ƙauyanci, in koma za ta saba. A nan na fashe, na ce masa aikin ofis ya sa ya manta inda ya fito. Na san na yi zafi, amma har yanzu ban ga ƙarya a ciki ba. Ya ce to in na mayar da kamarar ba shi ba harkata har abada. Na kira ogan shagon a ɓoye, ya ce shi da wanda ya zo ya karɓa zai yi magana, kuma in ta samu ko ƙwarzane ba ruwansa. Mama kuma kullum kuka, wai zan raba mata kan 'ya'ya a kan ƙarfe.

Kaka tun ranar gaisuwa kawai take amsa min. Ko waya na ciro sai ta juya baya, waƙar ma ta daina in ina wurin. Tukwanen suna jere suna bushewa, hadari kuma ya fara haɗuwa ta wajen Bwari, kun san kafin ruwa ya sauka za ta gasa su, da ni ko ba ni.

Masu harkar bidiyo ku faɗa min gaskiya, zaɓina ne ba daidai ba? In sayar da wannan taɓaryar in sayi wadda nake so, Yaya ya yi fushinsa? Ko in zubar da zuciya in je in ba shi haƙurin laifin da ba nawa ba, ko zai raka ni shagon? Sannan iyayenmu da ke gidan nan, ku da kuka san zuciyar tsofaffi, ko na samo ƙaramar gobe, da wane baki zan sa kakata ta yarda cewa ba aiko ni aka yi ba?