Fim Ɗinka a Hannun Malam Sada

Zuwa ga taubashina, marigayi Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in sanar da kai abin da ya sami fim ɗinka. Aikina ba da labari ne, don haka zan ba ka shi yadda ya faru.

Ka san cikakkensa guda ɗaya ne, a cikin kwamfutarka. Wanda ke yawo a wayoyin mutanen Illela ba shi ba ne. Masu tura finafinai a kasuwa sun yanke duk inda babu magana, suna zaton na'ura ce ta tsaya. Ranar da ka gani dariya ka yi, ka ce, "Sun ci naman sun zubar da romon, 'yan banza."

Su kuwa wuraren da suka yanke su ne aikin. Littafin da ka ɗauko labarin daga ciki na karanta shi tun muna makaranta: mace tana jiran mijin da ya haye iyaka zuwa Ƙonni bai dawo ba. Marubucin ya cika babi guda da tunaninta. Kai ba ka ba ta ko kalma ba. Ka tsayar da ita a bakin iyaka, ba ma ita muke gani ba, fuskarta ce a madubin tirela. Bayanta buhunan albasa sun fara tsiro saboda daɗewa a layi. Can ciki tela yana warware ɗinkin da ya yi. Sai a kallo na uku na lura rigar mijin ce a hannunsa.

Na taɓa rubutawa a jarida cewa hotonka ya cika cunkoso, ido bai san inda zai sauka ba. Ka same ni wajen mai shayi ka ce, "Kai mai biro, mi ka sani? Je ka tasha ka nuna min inda ido ka sauka." Na je. Gaskiyarka ne.

Bayan an share makoki, yayanka Malam Sada ya kira ni zauren makarantar babanku. Kwamfutar na gabansa a kan buzu. Ya ce zai goge fim ɗin, domin akwai mata a ciki, akwai kiɗa, kuma yana tsoron duk wanda ya kalla a rubuta maka zunubin a kabari. Na kawo hujjojina a natse, na malaman da suka sassauta da na hankali. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Nasiru, ka iya magana. Amma kai za ka kwanta mishi cikin ramin?"

Abu ɗaya na roƙa, ya kalla kafin ya yanke hukunci.

Ya kalla, Murtala, har ƙarshe, bai motsa ba. Mutumin da bai taɓa zama gaban fim ba, shi ya nuna min abin da ya wuce ni: a duk fitowar matar a gida, inuwar ƙofar gidanta tana ƙara cinye tabarmarta, har ta ƙare zaune a kan ƙasa. Ya share idonsa da hannun riga. Na ɗauka mun tsira.

Sai ya ce, "Da shirme ne da na bar shi, mutane za su manta. Wanga ba za a bar kallonshi ba."

Ya goge shi a gabana.

Ban yi masa faɗa ba, kuma ba zan bari masu karanta wannan su yi masa ba. Ɗan'uwansa yake ƙoƙarin ceto. Har yau ban iya faɗin wanda ya fi ƙaunarka tsakanina da shi ba. Na dai san a duniya shi ne ya fi kowa fahimtar aikinka, kuma fahimtar ce ta kashe aikin.

Ya Allah, in Malam Sada ne da gaskiya, Ka karɓi abin da ya yi, Ka sauƙaƙa wa Murtala. In kuwa aikin alheri ne, Kai Ka gan shi cikakke, Ka rubuta masa ladansa. Ka haskaka makwancinsa, Ka haɗa mu a gidan aminci.

Taubashinka da ya rasa abokin gardama,
Nasiru
Illela