Zumuncin Baffa Ila da Kuɗin Taki

Laraba, 9 ga Rajab, bayan isha'i

Na kasa cin tuwon nan. Tun da na dawo daga Bebeji zuciyata ke tafasa.

Shekara uku ke nan ƙanena Sani yana turo mana kuɗin taki daga Jidda ta hannun Baffa Ila. Sani ya miƙa wa wakilin Baffa riyal a can, Baffa ya ƙirgo mini naira a nan. Kullum cewa yake, "Ɗana, ni ko sisi ba na cira, don zumunci nake yi. Masu canjin nan kuwa sai sun yanki ladansu."

Yau a shagon taki na haɗu da Malam Iro na Ƙofa. Ashe shi ma ɗansa riyal ɗari biyar ya turo, daidai da na Sani, kuma a mako ɗaya. Shi ta hannun masu canji aka turo masa, an cire masa ladan aike, amma buhu huɗu ya ɗauka. Ni da ƙyar na haɗa uku. Na roƙe shi ya nuna mini farashin da aka canza masa. Da na gani, sai na gane. Gaskiya ne Baffa ba ya cire lada. A farashin canji yake yankar mu.

Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Duk kaka ni nake ɗora buhun masara a babur in kai masa na godiya, har in durƙusa. Shi kuma ya karɓa, ya dafa kaina, ya sa mini albarka.