Wa Ke Kaɗawa, Babanku ko Talabijin?

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan jikokina. Ya aiki, ya ɗawainiya? Mu nan lafiya lau. Jikin babanku da sauƙi, sai dai hannun hagun nan da har yanzu bai sake ba tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

Saƙonka ya iso. Ƙanwarka ta zo ta haɗa shi da talabijin ɗin falo, ta ture mini keken ɗinki zuwa lungu ko sannu babu. Ka ce wasa ne na motsa yatsu, kuma likitan gashin ƙashi ya yarda. To ni dai abin da na gani jita ce ta roba, ba tsirkiya ko ɗaya, sai maɓallai masu launi kamar na rigar yara. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kaɗa jita a otal-otal da gidan rediyo, shi za ka aiko wa wannan? Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce a mayar maka da abarka.

Ba a jima ba, ina cikin ɗinki sai na ji kiɗa ya cika falo. Na leƙa, ga dattijo rungume da roba. Wasu ɗigo-ɗigo ne ke gangarowa a talabijin, in ya danna maɓallin da ya dace sai kiɗa ya fito tas, mutanen ciki su yi ta tafi. In ya kuskure kiɗan ya yanke, su yi masa ihu, shi kuma ya zage su.

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Wa ke kaɗawa, babanku ko talabijin? Na tambayi ƙanwarka, ta ce wai duka biyun. Wannan ai ba amsa ba ce. Kai da ka sayo ka yi mini bayani.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya yi maka albarka.

Mamanku

*

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Yaya zazzaɓin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta bayaninka har sau nawa, ban fahimci komai ba, amma na gode. Babanku dai ya zama wani mutum. Yana aske gemu, yana cinye abincinsa, har tsokanata ya dawo yi. Ran nan talabijin ta ba shi taurari reras, bakinsa har kunne. Nan take ya buga wa Mai Ganga waya, tsohon abokin kiɗansa, ya ce hannu ya dawo, shi Mai Ganga ya kakkaɓe kayansa ya tara sauran makaɗan, za su zo gidan nan su tuna da. Hannun da ya dawo ɗin, har yau ni ke ɓalla masa maɓallin riga da safe.

Sai ga saƙonka na biyu, yana asibiti wurin gashi lokacin da aka kawo. Na buɗe, na ga jita ta gaske, da tsirkiyarta shida. Ƙanwarka ta ce ita ma da wasan ake haɗa ta, sabon salo ne, amma wannan ba ta rufa wa kowa asiri: abin da yatsa ya yi, shi kunne zai ji.

Ba zan ɓoye maka ba, na tura ta ƙarƙashin gado, na jera ragowar yadudduka a gabanta. Tsoro nake ji. In ya ɗauka yatsun suka ƙi, ina gudun ya koma kwanciyar nan ta kallon bango, wadda ba ka gani ba ni na gani. Likita ya ce a bar shi ya gwada. Ƙanwarka ta ce a dakata. Kai ka ce ci gaba ne. Kowa da gaskiyarsa, ni kuwa kaina ya kulle. Rana ɗaya in ce ƙarya talabijin ke yi masa, washegari in ce to ƙaryar da ta sa mutum cin abinci, ƙarya ce?

Ka rubuto da wuri, kuma kada ka yi masa zancen.

Mamanku

*

Zuwa ga ɗana,

Ina fatan kun tashi lafiya. Na ji ƙaramar ta warware, alhamdu lillahi.

Wasiƙata da wayarka sun yi saɓani. Kana kashe waya, bayan ka tambaye shi ya ya ga sabuwar jita, ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Na je na janyo ta da ƙurarta na miƙa masa.

Ƙanwarka ta haɗa. Ya ɗaure tsirkiyoyin da hannun dama, yana kasa kunne, kamar jiya ya ajiye sana'ar. Sai ɗigo-ɗigon suka fara gangarowa, wannan karon a layi shida har da lambobi. Ya kai hagu ya danna. Ɗana, ƙarar da ta fito kamar ana jan kujerar ƙarfe a siminti. Mutanen talabijin suka yi masa ca, waƙar ta yanke. Ya sake, ta yanke. Ya sake. Ni dai na koma kan keke ina taka shi ba zare, don kada in ji.

Can ya ce a kashe talabijin, ya sallami ƙanwarka, ya kira ni in zauna a gabansa. Ya kaɗa wani ɗan guntun abu a hankali, gumi na zuba, yatsan tsakiya na zamewa. Da ya gama ya ce in gaya masa yadda na ji. Ya ce waɗancan na cikin talabijin don tafi aka yi su, ni kuwa tun da ya aure ni bai taɓa jin na yabi kiɗansa don kunya ba, don haka ni zai tambaya.

Wallahi na shirya ƙarya, har ta zo bakina. Sai na ji na ce ba daɗi. Ya ce ko kaɗan? Na ce ko kaɗan, amma na gane waƙar. Daga nan ya buga wa Mai Ganga ya ce kada su zo, ya ce kuma ta robar a ba jikoki.

Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna. Dariyar nan ta ragu, abincin ma yana ragewa. Amma bai koma kallon bango ba. Tun safe yake zaune da ita a cinya, talabijin a kashe, kan yatsunsa duk sun yi ja. In ya ɗan kaɗa sai ya ɗaga murya ya ce yanzu fa? Ɗinkin mutane na nan jibge ban taɓa ba.

Zan tsaya nan, ga shi ya sake kirana. Bari in je in saurara, in gaya masa ba daɗi. Ka sa shi a addu'a, ni ma ka sa ni.

Mamanku